Tsatsa a Gindin Batir

Akwai wani wari da har yau in ya bugi hancina sai raina ya ɓaci tun kafin in tuna dalili. Warin kabaid ne, farin dutsen nan da masu walda ke jiƙawa da ruwa ya ba su iskar da suke kunna wutarsu. Kamar tafarnuwar da ta ruɓe a cikin tulu yake. Kwanan baya na tsaya sayen kifi a bakin kasuwar Jega, iska ta kwaso mini shi daga wata rumfa, kawai sai na ji ina yi wa mai kifin faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Sai da na koma mota na gane ba da shi nake ba. Da mahaifina nake, da kuma kawuna, a kan abin da suka yi mini ina 'yar shekara goma sha biyu.

Bari in fara maka da motar, tunda ita ce tushen maganar. Akori-kura ce fara, ko in ce ta taɓa zama fara. Baba manomin albasa ne a Aliero, ya saye ta a wata shekara da albasa ta yi albarka, kuma tun ranar da ta shigo unguwarmu ta zama kamar babbar ɗiyar gidan. Da rani tana jidar buhunan albasa zuwa Jega. Da bazara tana ɗauko takin zamani. Da damina ita ce ke kai 'yan aiki fadama, ta dawo da laka har wuya. In ta dawo a haka, Baba ba ya iya barci sai ya wanke ta. Yakan kai ta bakin gulbi, ya shiga da ita ruwa har rabin taya, ya buɗe bonet, ya riƙa kwarara wa injin ruwa da bokiti kamar mai wankan jariri. A ganinsa gata yake yi mata.

Tsatsar a gindin batir ta fara. Hanyoyinmu na gona duk gargada ne, batirin yana ta tsalle a mazauninsa, ruwansa na fantsama a kan ƙarfen da ke ƙasa, ga ruwan gulbi da ke kwanciya a lungu ba ya bushewa. Da farko fenti ne ya kumbura kamar ƙunar wuta. Daga nan ya fashe, wani jan gari ya riƙa zuba. Baba yana kiran abin "ɗan ƙurji". Duk wanda ya ce masa ya kai a duba, sai ya ce shi ya san motarsa.

Wanda ya kamata a kai wa kuwa ba bare ba ne. Ƙanen Inna, wanda muke kira Kawu, gyaran jikin mota yake yi a Jega, yana da rumfa a gindin wata darbejiya kusa da hanyar da ta nufi Maiyama. To amma Baba ya san Kawu tun yana yawo ba wando, shi ya sa bai taɓa yarda cewa yaron nan ya san wani abu da shi bai sani ba. Sai ya zama likitan motarsa da kansa. In ya ga Inna ta tafi suna ko barka, yakan juya gaban motar zuwa bango, ya kore mu daga ƙofar gida, mu yi ta jin ƙarar guduma da warin narkakkiyar kwalta. In ya gama sai ya rufe bonet, ya wanke hannu da kananzir, ya zauna yana murmushi shi kaɗai.

A wannan lokacin ne kayan jeren Inna suka fara ƙafa. Yau murfin kwano, bayan wata guda faranti. Inna ta zargi 'ya'yan maƙwabta, ta zargi mai tallan fura da ke shigowa shan ruwa. Ranar da aka nemi babban tirenta mai jajayen furanni aka rasa, wanda mahaifiyarta ta ba ta, a kaina abin ya sauka, don ni ke kai abinci gona. Ta murɗe mini kunne har na ga duhu, ta sa na bi hanyar gona da tsakar rana ina leƙa gindin kowace kunya. Na dawo da ƙaya a ƙafa, ba tire. Baba yana zaune a kan buzunsa yana cin tuwo, abin da ya ce kawai shi ne, "A yi haƙuri, shi hito."

A ƙarshen daminar wannan shekarar na samu shiga wata makarantar kwana ta 'yan mata da ke gaba da Maiyama. Ni ce mace ta fari a gidanmu da ta kai nan. Inna ta soya mini ƙuli-ƙuli, ta daka yaji, ta auna gari da sukari, aka ɗinko mini kayan makaranta da ɗan girma don kada in yi saurin fin su. Aka sayo akwatin ƙarfe baƙi. Kowace safiya sai na buɗe shi na sake jera kayan. Baba kuwa ya tsaya a ƙofar masallaci, gaban dattawan unguwa, ya ce shi da kansa zai kai ni, a cikin motarsa. Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Ya ce, "Uwata ba ta shiga motar haya ina da mota. Ɗiya in ba ubanta yak kai ta ba, malamai cewa suka yi ba ta da gata."

Ana saura 'yan kwanaki a koma makaranta, yana dawowa daga fadama, motar ta faɗa wani rami. Mazaunin batir ya ɓurma, batirin ya karkace ya rataye a jikin wayoyinsa, tartsatsi ya tashi, hayaƙi ya fito ta gefen bonet. Allah ya tsare wuta ba ta kama ba. Amma daga nan tayar gaba ta ɓangaren ta fara wata ƙara duk lokacin da aka tura motar, kamar ana buga ƙofa daga ciki. Wannan karon kwalta ba ta da abin yi. Aka ɗaure motar da igiya a bayan wata babbar mota aka ja ta zuwa Jega, Baba na riƙe da sitiyari fuskarsa a murtuke, ni da akwatina muna baya. Ya ce in zauna gidan Kawu, don ana gamawa mu wuce daga can. Aikin yini ɗaya ne, in ji shi.

Ina tsaye a wurin lokacin da Kawu ya ɗaga bonet. Ya daɗe yana kallo. Ya cire batirin ya ajiye gefe, ya ɗauko cizal, ƙarfen sara, ya sa a ƙarƙashin wani baƙin faci mai kwalta, ya ɗan danna. Facin ya ɓanɓaro gaba ɗaya, ya faɗi ƙasa ya kife. Da ya juya shi da ƙafa, sai ga shuɗin zane na murfin kwano. Ya ɓanɓaro na biyu, faranti ne. A ƙarƙashinsa, an lanƙwasa shi ya bi bangon da ke saman taya, an kafe shi da ƙusoshi, ga jajayen furanni.

Na dubi tiren, na dubi Baba. Kunnena ya ɗau zafi kamar a lokacin ake murɗe shi.

"Baba, tiren Inna ne."

"Ai ba ɓacewa yay yi ba," in ji shi, ko kallona bai yi ba. "Motar ba gida taka kwana ba?"

Kawu ya yi dariya har ya zauna a kan taya. Ni ban ga abin dariya ba, kuma har gobe ban gani ba.

Abin da ke ƙarƙashin farantan ya fi farantan muni. Ruwa ya daɗe yana shiga tsakaninsu da ƙarfen motar yana kwana, kwalta ta rufe shi ba ya samun iska, tsatsar ta yi ta ci a ɓoye. Kawu ya ɗauki ƙaramar guduma ya riƙa ƙwanƙwasawa sannu a hankali. Inda ƙarfe ke da rai, sautin yana fita tangaran. Inda ya mutu, sai ka ji kamar an bugi busasshiyar ƙwarya, wani wurin ma gudumar ta wuce ta ciki, ɓawon tsatsa ya zubo kamar dusa. Ta kan ramin ana hango taya da ƙasa. Ya bi da alli yana zagaye wurin, layin na ta faɗaɗa, har ya kusa kai inda ƙafar motar ke ɗaure da jikinta daga sama. Ya nuna wa Baba wurin da yatsa, ya ce in nan ya sake, taya ce za ta shigo cikin inji, kuma ba za ta yi sallama ba. Ya ce sai an yanke duk mataccen ƙarfen har a kai ga mai rai, sannan a ɗinka sabo.

Baba ya ce a liƙa wani ƙarfen a sama kawai, a yi walda, mu tafi. Kawu ya ce shi ba ya rufe tsatsa da ranta. Baba ya ce yaushe aka haife shi. A haka yinin farko ya ƙare, ba a yanke komai ba.

Kada ka ɗauka Kawu ne mai gaskiya a labarin nan, don shi ma nasa halin ya ishi mutum. Ban taɓa ganin wanda ba ya gaggawa irinsa ba. Ba ya taɓa ƙarfe sai ya sha shayi, shayin kuma sai an hura gawayi an dafa a gabansa. Rumfarsa ba ta rufe mota, saboda haka ko yayyafi aka fara sai a rufe injin da buhu a koma hira. In aka yi rasuwa a Fagada sai ya je, in aka yi suna a Dangamaji da shi za a raɗa. Ranar da ya shirya aiki sosai, kabaid ya ƙare. Ranar da aka samo kabaid, sai ya ce ƙarfen da Baba ya kawo na tsohuwar ganga ne, ya yi kauri, ba zai lanƙwasu ya bi jikin motar ba. Baba ya kawo kwanon rufi, ya ce ya yi siriri, wuta za ta cinye shi. Shi ƙarfen mota yake so, kuma ya ji labarin wata mota da ta mutu a wajen Andarai, mai ita ya yi alkawarin kawo masa ƙofarta ranar kasuwa. Ranar kasuwa ta zo ta wuce. Wata ma ta zo ta wuce.

Baba kuwa kullum da safe sai ya hau motar haya daga Aliero ya zo Jega, ya zauna a kan benci yana ba da umarni, da yamma ya hau motar haya ya koma. Ka lura da wannan da kyau. Motar hayar da ya ce ɗiyarsa ba za ta shiga ba, shi yana cikinta safe da yamma.

Ni ce ke kawo musu abincin rana daga gidan Kawu. In na ajiye sai in zauna a kan wata tsohuwar taya ina kallon titi. Motocin Maiyama da Koko a gabana suke lodi, yaran mota suna kiran garuruwan da ƙarfi kamar da gayya. A kwanakin farko ina ganin 'yan mata sa'o'ina da akwatuna irin nawa an ɗaure a saman mota, wasu da iyayensu, wasu su kaɗai da yayyensu. Daga baya suka ragu. Daga baya babu ko ɗaya. Gero ya nuna a gonakin bakin hanya, aka fara yanka, ni ina nan a kan taya. A gidan Kawu kuma 'ya'yansa sun gano akwatina ba ya kulluwa da kyau. Ƙuli-ƙulina ya fara raguwa, sannan sukari. Ban iya kai ƙara ba, don a gidansu nake ci nake kwana.

Wata rana matar Kawu ta dawo daga unguwa ta ce ta ji ana cewa makarantar na ba wasu gurbin duk wadda ba ta zo ba, don masu jira suna da yawa. Da na kai abinci na faɗa wa Baba. Na ce ko ya raka ni a motar haya, ai shi ne dai ya kai ni. Ya dube ni kamar na zage shi.

"Mutane sun ji abin da nic ce bakin masallaci, Uwata. Gobe aka gamawa."

Kawu yana gefe yana kankare wani lungu da buroshin waya, ya ce, "In Allah ya so." Daga yadda ya faɗe ta na san ba goben ba ce. Na koma bayan rumfa na yi kukana, warin kabaid ɗin nan na shiga mini maƙogwaro.

Matar Kawu ce ta aika wa Inna, ban san da wa ba. Washegari da hantsi sai ga Inna ta sauko daga mota a bakin titi, da babban mayafinta, ita kaɗai. Inna ba mai fita ba ce. In ba asibiti ko gaisuwar mutuwa ba, ƙafarta ba ta wuce unguwarmu, balle ta zo garejin maza. Ta tsallako kwata ta shigo gindin darbejiyar, hira ta tsaya. Abin da ta fara gani shi ne kayan jerenta, don Kawu ya jingine su a jikin bishiya, baƙi ƙirin da kwalta, duk hudar ƙusa. Ta tsuguna ta ɗauki tiren, ta goge furen da gefen mayafinta. Ta daɗe a haka. Sannan ta ɗago ta dube ni, ta dubi kunnena, ta kau da kai. Haƙurin da ta ba ni ke nan, kuma na karɓa.

Ba ta yi wa Baba maganar tire ba. Ta jawo bencin da yake zaune a kai bayan ya miƙe, ta zauna a tsakiyar gareji, inda duk mai wucewa a titi zai gan ta.

"Malam, nan nika zama sai yarinyag ga ta tahi makaranta. Ko cikin wagga mota, ko cikin wata." Ta juya ga ƙanenta. "Kai kuma, mi kaka jira?"

Kawu ya fara bayanin ƙofar Andarai. Inna ta bar shi ya gama, sannan ta nuna bayan rumfa da haɓa. A can akwai wata ƙaramar mota shuɗiya ba taya, a kan duwatsu, ciyawa ta fito ta cikinta, kaji na ƙwai a kujerar baya. Ta Kawu ce. Ya daɗe yana gaya wa kowa cewa zai tashe ta bayan salla, ba ya dai faɗin wace sallar.

"Waccan ba ƙarhen mota a gare ta ba?"

Kawu ya juya ya dubi motarsa. Baba ya fara murmushi, Inna ta dube shi, murmushin ya koma. Aka kawo mata ruwa ta ƙi sha. Masu wucewa suka fara rage tafiya suna leƙe. Ba a daɗe ba Kawu ya ɗauki cizal da guduma ya zagaya baya, muka ji yana sarar ƙofar motarsa, kaji na watsewa.

Aikin da ya ci makonni, sai ga shi yana tafiya kamar ba shi ba. Ya janye wayoyi da tiyon mai daga wurin, ya naɗe su da jiƙaƙƙen tsumma. Ya bi layin allinsa ya yanke mataccen ƙarfen duka, har bakin ramin ya zama fari yana ƙyalli, ramin da ɗan akuya zai iya wucewa ta ciki. Ya nemi kwali bai samu ba, ya aika gida aka juye ragowar sukarina a kwano aka kawo masa kwalin. Ya manna shi a ramin, ya bi gefe da yatsa mai baƙin mai har siffar ta fito, ya yanke, ya ɗora a kan shuɗin ƙarfen ya zana. Sannan ya zauna a ƙasa da wani gungumen icce tsakanin ƙafafunsa, yana bugun ƙarfen yana lanƙwasawa, ya tashi ya gwada, ya dawo ya ƙara bugu. Ya yi haka ya fi a ƙirga. Baba ya ce ya isa haka, ƙarfen ya zauna. Inna ta yi gyaran murya, ya yi shiru.

Da ya kunna wutar walda, bai bi ɗinkin a jere ba. Ya ɗiga nan, ya tsallaka can ya ɗiga, ya dawo, yana dannawa da jiƙaƙƙen tsumma yana cewa in zafi ya taru wuri ɗaya ƙarfen zai murɗe. Shuɗin fentin na ƙonewa yana tashi, tsumman na huci. A hankali ɗigo-ɗigon suka haɗu suka zama layi. Ya ƙara wani ƙarfen a ƙarƙashin inda ƙafar motar ke ɗaure, ya ƙera sabon mazaunin batir da maɗaurinsa. Ana kiran la'asar yana goge ɗinkin, kafin magariba ya shafa jan fenti ciki da waje. Inna ta kwana gidan ƙanenta, ba ta yi wa kowa magana ba sai ni.

Da safe, fenti ya bushe, Kawu ya ɗauki ƙusa da guduma ya huda sabon mazaunin batirin a kusurwa. Baba ya zabura.

"Mun zo ka toshe muna huda, ka yi muna wata?"

Kawu ya ce ta nan ruwa zai riƙa fita, kuma in ya sake jin an kai motar gulbi an yi wa inji wanka, kada a dawo masa da ita. Suka fara sabuwar gardama a kan hudar da ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba, ni ina tsaye da kayan makaranta a jikina tun asuba. Sai da Inna ta ɗauki akwatina da kanta ta ɗora a bayan motar sannan suka bari.

Ka ce daga nan sai makaranta? Baba ya tuƙa motar kamar yana ɗauke da ƙwai. Da muka isa Maiyama ya tsaya gidan wani abokinsa mai sayar da iri, wai gaisuwa. Ya buɗe masa bonet. Maƙwabta suka taru. Ina zaune a gaba ina jinsa yana cewa shi ya nuna wa yaron inda zai yanka.

Rana ta take muka shiga makarantar. 'Yan mata na fitowa daga aji a jere, kowa ta san inda za ta, kowa da ƙawarta. Shugabar makarantar wata doguwar mata ce mai tabarau. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta tambaya ko ciwo na yi.

Baba ya ce, "Motar ta tay yi ciwo, Hajiya. Tsatsa ta. In kin hito in gwada miki."

Ba ta fito ba. Ta ce saura kaɗan ta ba wata gurbina, kuma gadon da aka ware mini an riga an ba da shi. Ta karɓe ni, amma a tabarma zan kwana sai an samu gado, kuma zan yi yankan ciyawa kamar duk wadda ta makara. Baba ya yi ta godiya kamar an ba ni sarauta. Da zai tafi ya zagaya da motar ta gaban azuzuwa, ba don hanya ta nan take ba, ya danna ham, ya ɗaga mini hannu. Kafin magariba duk makarantar ta san ni da 'yar akori-kura, sunan da ya bi ni har na gama. Zangon farko gaba ɗaya a ƙasa na yi shi, kusa da ƙofa, inda duk mai fita alwala sai ta tsallake ni. Lissafin da aka koyar kafin in zo kuwa, sai da na shekara ina bin sa a baya.

Motar ta ƙara shekaru tana aiki. Ƙofofinta suka lalace, bayanta ya ruɓe, inji ya gaji, amma ɗinkin Kawu bai taɓa motsi ba har aka sayar da ita ga masu sayen tsohon ƙarfe. Kawu ya rasu. Inda rumfarsa take yanzu shagunan sayar da waya ne. Yaran da ke wannan sana'a a yau ba su ɓata maka lokaci, in ka kai musu tsatsa da safe, su cike ramin da wani ƙullu da suke kira fila su fesa fenti, kafin azahar ka ɗauki motarka tana ƙyalli, damina biyu ta kumbura ta fashe. In na kai motata, tsaye nake a kansu ina sa su yanke har ƙarfe mai rai, suna gunaguni suna cewa Hajiya ta cika fitina. Ba na gaya musu inda na koya, don ban ga dalilin da zai sa in yabi mutumin da ya ci mini rabin zango yana shan shayi ba.

Baba yana nan da ransa, ya tsufa, idonsa ya yi rauni har ba ya gane mutum sai ya yi magana. Makon jiya na je gaishe su a Aliero, hira ta kawo mu kan wannan zance. Na ce masa har yau ban huce ba. Ya ce shi bai tuna an makara ba, abin da ya sani shi ne ya kai ni, kuma ga shi na zama abin da na zama. Inna tana gefe tana tsinke zogale, ta ce in bar shi, ta gwada ta gaji.

Can sai ya gyara zama ya ce, af, jikarsa, ɗiyar ƙanena, ta samu makarantar kwana, jibi za su fara. Ya riga ya gaya wa mutanen masallaci shi zai kai ta. Motar ƙanen nawa tana wurin gyara, amma an ce masa gobe ake gamawa.

Na yi musu sallama cikin ladabi, na fita. Ban tsaya neman ƙanena ba. Na zagaya ɗakin matarsa, na ce ta fito mini da akwatin yarinyar, na sa a bayan motata. Yarinyar a gidana ta kwana, kuma ranar da aka buɗe makarantar muna bakin ƙofa tun mai gadi bai gama shara ba. Ta samu gado na sama, kusa da taga.

Baba ya aiko a gaya mini ya yi fushi. Na ce a gaya masa na ji.